Shanun da ke Jikin Dutse a Birnin Kudu



Wani abokina da ya yi bautar ƙasa a Osogbo ya turo min hotunan dajin Osun, inda mutum ke bin siririyar hanya cikin itatuwa yana cin karo da sassaƙe-sassaƙe da mutum-mutumi a fili. Susanne Wenger 'yar ƙasar Ostiriya ce ta yi aikin tare da masu fasahar garin, kuma a 2005 UNESCO ta sa dajin cikin wuraren tarihi na duniya. Sai ya tsokane ni: "Ku a Jigawa me kuke da shi?" Wallahi na rasa amsa, alhali ni ɗan Dingaya ne, kuma ban san adadin zuwana Birnin Kudu ba.

Shi ya sa na shirya na je Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Hanyar ƙafa ce, tsakanin gonaki da manyan duwatsu. Sai ka shiga ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, ka ɗaga kai, sannan ka gan su: shanu ne aka zana da jan launi da fari, wasu sun dushe, wasu raɗau.

Ku lura da abu ɗaya. Shanun nan ba su da tozo. Bunaji da Rahaji da muke gani a kasuwanninmu duk masu tozo ne. Ke nan masu zanen sun yi kiwon wani irin shanu da yanzu babu shi a yankin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zanen ya daɗe ƙwarai.

A shekarun 1950 Bernard Fagg, Baturen Ingila da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarin wurin. Ya kuma rubuta a kan duwatsun kiɗa da ke kusa da zanen, waɗanda in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙuge. Na gwada da hannuna. Ramukan da ke jikinsu sun yi sulɓi saboda yawan bugu, hannun mutanen da suka riga mu ne.

Yau wuraren suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Amma hukuma ba za ta kwana a gindin dutse ba. Na ga inda wani ya rubuta sunansa da gawayi dab da wani zane. Sassaƙen itace in ya ruɓe ana iya sake wani, amma wannan in ya goge, shi ke nan.

To 'yan uwa, in kun je ku kalla da ido, kada ku taɓa, kada ku zuba ruwa don hoto ya fito. Ku tafi da ƙannenku su gani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.