Gwajin jini na tarin fuka da kuturta: tarihin neman da ya wuce shekara ɗari

Duk wanda ya zauna a nan Kudu ya san yadda abin yake: zazzaɓi ya kama mutum, sai a ce ya je lab a ɗebi jini, ya dawo da takarda an rubuta maleriya da taifot. Mun saba da haka har muna ganin babu cutar da jini ba zai tona mata asiri ba. To akwai cututtuka biyu da suka shafe sama da shekara ɗari suna ba masana wahala a wannan fanni, wato tarin fuka da kuturta, kuma ya kamata mu san labarinsu kafin wani ya karɓi kuɗinmu da sunan gwaji.

Ƙwayoyin cututtukan nan biyu dangin juna ne. A 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Gerhard Hansen, ya hango ƙwayar kuturta a birnin Bergen. Ranar 24 ga Maris, 1882 kuma Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya gano ta tarin fuka, shi ya sa har yau ake tunawa da cutar a wannan rana. Daga nan sai masana suka lura cewa idan cuta ta shiga jiki, jini yakan ƙera wasu sinadarai na garkuwa don yaƙarta. Sai aka ce, in ɓarawon ya yi wuyar kamawa, a nemi sawunsa mana. A 1896 wani Bafaranshe mai suna Widal ya fito da irin wannan gwaji don taifot, shi ne dai gwajin Widal da ake yi mana har gobe, duk da likitoci da yawa suna ƙorafi a kan sahihancinsa.

Shekara biyu bayan haka, a 1898, Arloing da Courmont suka gwada wannan dabara a kan tarin fuka a birnin Liyon na Faransa. Ba ta yi ba. Middlebrook da Dubos suka sake gwadawa a Amurka a 1948. Da aka ƙirƙiro hanyar gwaji ta ELISA a 1971 sai fata ta sake tashi, kamfanoni suka yi ta fitar da kayan gwaji iri-iri, har da ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini kamar na maleriya.

Matsalar tana cikin halin cutar ne. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar tarin fuka, amma yawancinsu ba za su taɓa kwantawa ba. Ga kuma 'yan uwan ƙwayar da ke cikin ƙasa da ruwa, masu iya sa jini ya nuna alama alhali babu cuta. A ɗaya gefen, akwai mai tarin gaske da jininsa ba ya nuna komai. Sakamakon haka, mai lafiya yakan sha maganin wata shida a banza, mai cuta kuma a sallame shi ya koma ɗaki yana yi wa mutane tari. Mu da muka san yadda samarinmu ke kwana su takwas ko goma a shago ɗaya a kasuwannin shanu da na gwari, ba sai an yi mana dogon bayani a kan haɗarin na biyun ba.

A watan Yulin 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a kan wani kayan aikin tarin fuka: ta fito fili ta ce a daina. Ta duba bincike 94, ta ce ana yin irin wannan gwaji fiye da sau miliyan ɗaya a shekara, wani lokaci mara lafiya ya biya har dala 30, kuma sakamakon ba abin dogaro ba ne. Abin takaicin, a wancan lokacin yawancin kayan a Turai da Arewacin Amurka ake ƙera su, ƙasashen da su kansu ba sa aiki da su, a turo wa ƙasashe matalauta. Indiya, inda kasuwar ta fi ci, ta haramta su a 2012.

Labarin kuturta ya ɗan bambanta. Har yau ba a iya renon ƙwayarta a ɗakin gwaji, don haka samun isasshiyar da za a yi bincike a kai ya zama aiki. A 1960 Charles Shepard ya iya rayar da ita a tafin ƙafar ɓera. A 1971 aka gano a jihar Luwiziyana ta Amurka cewa tana hayayyafa sosai a jikin armadilo, wata dabba mai ɓawo a gadon baya kamar sulke, saboda jikinta ba shi da zafi sosai. Da wannan ne Patrick Brennan da abokan aikinsa suka gano wani maiƙo a bangon ƙwayar a farkon shekarun 1980, aka sa masa suna PGL-I. A kansa aka gina gwajin jini, har a 2003 masana a Amsterdam suka fito da tsinken ML Flow, wanda aka gwada a Brazil da Nepal da nan Nijeriya.

Wannan gwaji ya fi na tarin fuka amfani, amma shi ma bai kai ba. Yana kama masu ƙwayar cuta da yawa a jiki, waɗanda dama ƙwararre zai gane su da ido. Mai tabo ɗaya ko biyu, wanda shi aka fi son a gano da wuri kafin jijiyoyi su mutu, sau da yawa jininsa ba ya nuna komai. Wani kuma lafiyarsa ƙalau, zama kawai ya yi da mai cutar, sai jininsa ya nuna. Ku duba nauyin kalmar kuturta a wurinmu: aure yakan mutu a kanta, a daina cin abinci da mutum. Ba kalma ce da za a jingina wa bawan Allah da layi biyu a kan tsinke ba. A ƙa'idojinta na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan tsohuwar hanya: a duba tabon da ya dusashe, a shafa masa auduga a ga ko mutum yana ji, a taɓa jijiyoyi ko sun yi kauri, in da hali a ɗan tsaga fata a duba a madubin likita. Irin aikin da aka yi shekara da shekaru ke nan a Yadakunya da Amanawa da Babbar Ruga, da Uzuakoli ta jihar Abiya, kuma shi ake koyarwa a cibiyar horarwa ta Saye a Zariya.

Tarin fuka kuwa kaki ake gwadawa, ko dai a madubi ko a na'urar GeneXpert da hukumar ta amince da ita a ƙarshen 2010, mai ba da sakamako cikin kamar awa biyu. Akwai wani gwajin jini na daban, IGRA, amma iyakarsa ya nuna ƙwayar ta taɓa shiga jiki, ba ya tabbatar da ciwo. Wanda ya wuce sati biyu yana tari ya nemi sashen tarin fuka a asibitin gwamnati mafi kusa da shi. Gwajin kaki da maganin wata shida kyauta ne, haka ma maganin kuturta, na wata shida ko goma sha biyu.