Dutsen Kulen, Inda Ruwan Angkor Ya Faro

Duk wanda zai hau Dutsen Kulen a mota sai ya yi sammako. Hanyar matsattsiya ce, a wurare da yawa motoci biyu ba sa iya wuce juna, shi ya sa aka raba yinin gida biyu: da safe masu hawa, bayan rana ta take masu sauka. Mun bar garin Siem Reap, a arewa maso yammacin ƙasar Kambodiya, gari bai gama wayewa ba. Muka yi tafiyar kusan kilomita 50 a tsakanin gonakin shinkafa da dogayen itatuwa masu kama da giginya, kafin jar hanyar ta fara hawa da mu cikin kurmi.

Kamar yawancin baƙi, Angkor Wat ne ya kawo mu ƙasar, wato katafaren haikalin nan na dutse da hotonsa ke jikin tutar Kambodiya. Kwana biyu muka yi muna zagaya shi da sauran wuraren bauta da ke kewaye da shi, har ƙafafunmu suka gaji. Dutsen Kulen kuwa mun ɗauke shi wurin hutawa ne, mu je mu yi wanka a magangarar ruwa mu dawo. Sai da muka sauko muka gane cewa mun karanta labarin ne daga ƙarshe. Farkonsa yana can sama.

Tun kafin ka ga magangarar za ka ji ƙuginta. Hawa biyu ce. Ta sama gajera ce mai faɗi, yara na ta tsalle a ƙarƙashinta. Ta ƙasa, wadda ake sauka wurinta ta matakalar katako, tsayinta ya kusa mita 20, feshinta na jiƙa mutum tun daga nesa. 'Yan ƙasa sun fi baƙi yawa a wurin. Iyalai ne suka shimfiɗa tabarmi a rumfunan gora, ga gasasshiyar kaza da kifi, ga wata jar ayaba da ake nomawa a kan dutsen. Da tufafinsu suke shiga ruwan. Mun ga tsofaffi suna cika goruna da shi za su kai gida, don a wurinsu ruwa ne mai albarka.

Dalilin haka yana ɗan gaba kaɗan, idan ka bi rafin zuwa sama. A nan ruwan bai wuce idon sawu ba, kuma garau yake. Da ka sunkuya sai ka ga ashe ƙasan rafin sassaƙaƙƙe ne: ɗaruruwan dunƙule-dunƙule masu zagaye, a jere layi-layi, kamar an kife tandar waina. Linga ake kiran kowane ɗaya, alamar Shiba ce, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar addinin Hindu, wanda sarakunan Khmer na wancan zamani suke bi. A imaninsu, ruwan da ya bi ta kan waɗannan alamu ya tsarkaka kamar kogin Ganga na Indiya, kuma duk gonar da ya shiga za ta yi yabanya. Ruwan da muka yi wanka da shi ta nan ya biyo.

A kan wannan dutse, a shekara ta 802, lokacin Haruna Rashid yana halifa a Bagadaza, wani sarki mai suna Jayabarman na Biyu ya sa wani malamin Hindu, Hiranyadama, ya yi masa bikin naɗi. Ya ayyana kansa sarkin sarakuna, ya kuma ce daga ranar ƙasarsa ta fita daga ƙarƙashin Jawa. Masana tarihi daga nan suke fara ƙirga shekarun daular Khmer, wadda ta yi sama da shekara 600. Amma yana da kyau mai karatu ya san inda labarin ya fito. An same shi ne a wani rubutun dutse na haikalin Sdok Kak Thom, wanda a yau yake cikin ƙasar Tailan, kuma an sassaƙa rubutun ne kusan shekara 250 bayan naɗin. Zuriyar limaman fada ce ta sa aka rubuta, don ta nuna tun yaushe kakanninta suke yi wa sarauta hidima. Har yau masana ba su daidaita kan ko wace ce Jawa ɗin ba: tsibirin Indonesiya ne, ko wata maƙwabciyar ƙasa. Rubutun ya kira birnin sarkin Mahendraparbata, ma'ana dutsen Indra mai girma.

Me ya kai sarki kan dutse? Akwai tsaro, don tudun ya ɗaga kusan mita 400 a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Akwai addini, don a Hindu ababen bauta a kan tsauni suke zama. Sannan akwai ruwa. Shekarar Kambodiya kashi biyu ce, damina daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sauran watannin rani. Dutsen Kulen da kurmin da ke kansa suna shanye ruwan damina kamar soso, su riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. Kogin Siem Reap daga nan yake tasowa, ya ratsa Angkor ya zuba a babban tafkin Tonle Sap. Wanda ya riƙe kan dutsen ya riƙe maƙogwaron ƙasa.

Jayabarman bai ƙare rayuwarsa a sama ba. Ya sauko ya zauna a Hariharalaya, kusa da tafkin. Yasobarman na Ɗaya, wanda ya hau mulki a 889, shi ya mayar da babban birni Angkor. Amma duk inda fadar ta koma, ruwan Kulen take sha. Yasobarman ya gina wani tafki mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya haura kilomita 7. A ƙarni na 11 aka gina wanda ya fi shi, Baray ta Yamma, kilomita 8 a tsawo, sama da 2 a faɗi, kuma har gobe akwai ruwa a cikinsa. Ba haƙa aka yi ba, ganuwar ƙasa aka tayar aka tare ruwan a ciki. Aka karkatar da koguna, aka ja magudanai na kilomitoci. Wani Bafaranshe masanin kayan tarihi, Bernard-Philippe Groslier, ya kira Angkor birnin ruwa. An daɗe ana gardama ko tafkunan na ban ruwa ne ko na ibada. Ga wanda ya ga linga a ƙasan rafi, da wuya ya yarda cewa maginansu sun raba biyun.

Hatta duwatsun da aka yi ginin daga gindin Kulen aka fasa su. Miliyoyin tubalan dutse, wasu sun haura tan guda, aka kwaso ta magudanan ruwa zuwa Angkor, tafiyar sama da kilomita 30. Da irinsu Suryabarman na Biyu ya gina Angkor Wat a farkon ƙarni na 12. Wani jami'in ƙasar Sin, Zhou Daguan, da ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, ya ba da labarin cewa ana girbin shinkafa sau uku ko huɗu a shekara. Masu bincike na yanzu sun ƙiyasta cewa a ganiyarsa yankin Angkor ya ɗauki mutum 700,000 zuwa 900,000.

Washegari muka nufi Kbal Spean, a wani ɓangaren tsaunukan, ta wata hanya dabam. Nan mota ba ta hawa. Kilomita ɗaya da rabi ake yi a ƙafa, ana kama saiwoyi da duwatsu, ana tsayawa ana mayar da numfashi. A sama akwai wata 'yar magangara, da rafin da ake kira kogin linga dubu. An yi sassaƙar wurin a ƙarni na 11 da na 12. Ban da linga akwai surar Bishnu kwance a kan maciji, da Brahma zaune a kan furen bado, ruwa na bi ta kansu dare da rana shekara kusan dubu. A 1969 wani mai zaman kaɗaici a dajin ya nuna wa Bafaranshe Jean Boulbet wurin, shi kuma ya sanar da duniya. Bai daɗe ba yaƙi ya rufe hanyar.

A wasu wurare mun ga inda aka sare fuskar sura da kurfi, tabon ya fi sauran dutsen haske. Satar ba yau ta fara ba. A ƙasan tsaunin akwai Banteay Srei, ɗan ƙaramin haikali na jan dutse da aka keɓe a 967. A 1923 wani matashin marubuci, André Malraux, ya ɓamɓare sassaƙe-sassaƙe daga jikinsa zai fita da su, aka kama shi. Shi ne daga baya ya zama ministan al'adu na Faransa.

Birnin Jayabarman fa? Tun a shekarun 1930 Faransawa suka san da ƙananan haikalai na jan bulo warwatse a kurmin Kulen. Akwai Rong Chen, wani gini mai hawa-hawa da ake kyautata zaton shi ne babban haikalin sarkin. Akwai Srah Damrei, inda aka sassaƙa giwa sukutum daga dutse guda, da zakuna a gefenta. A bayan babur muka je wurin, ta wata 'yar hanya mai yashi. Amma birnin kansa ba a gan shi ba sai a 2012, lokacin da wata tawaga da ta haɗa da Damian Evans da Jean-Baptiste Chevance ta ɗaura wata na'ura a jirgi mai saukar ungulu. Na'urar tana harba hasken leza ƙasa, ta auna yadda yake dawowa, kwamfuta ta share itatuwan daga hoton. Sai ga tituna miƙaƙƙu suna gilma juna, ga madatsun ruwa, ga tuddan gidaje, ga wani babban tafki da aka fara ba a gama ba. Bayan an sake shawagi a 2015, aka gano tsarin ya mamaye murabba'in kilomita 40 zuwa 50. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Jaridu suka yi ta cewa an gano ɓataccen birni. Mutanen ƙauyukan kan dutsen kuwa a kan waɗannan ganuwoyi suke noma, ba su taɓa ɓata musu ba. Wurin bai taɓa zama kufai gaba ɗaya ba. Bayan ƙasar ta koma addinin Buda, a ƙarni na 16 aka sassaƙa wani Buda kwance, mai tsawon kusan mita 8, a kan wani ƙaton dutse a Preah Ang Thom. Mun tarar da layin masu ziyara a wurin, kowa ya tuɓe takalmi.

Abin da binciken ya nuna mai tayar da hankali shi ne kurmin da muke ɗauka tun fil azal yake, ba haka ba ne. Laka da aka haƙo daga ƙasan wani tsohon tafki a kan dutsen ta nuna cewa an sare dajin, ƙasa ta yi ta zaizayewa na ɗaruruwan shekaru. A can ƙasa kuma yashi ya riƙa cike magudanai. Zoben jikin tsofaffin itatuwa a Biyetnam ya nuna an yi dogon fari a ƙarni na 14 da farkon na 15, a tsakani kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fari ya busar da tafkuna, ambaliya ta yaga ganuwoyi. Littattafai kan ce sojojin Ayutthaya na Tailan ne suka ci Angkor a 1431, har fada ta koma kudu wajen Phnom Penh. Kasuwancin teku ma ya ja manya zuwa can. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗan jagoranmu bai bar mu mun kauce daga hanya ko taku biyar ba. Daga 1975 zuwa 1979 'yan Khmer Rouge suka mulki Kambodiya, mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu suka mutu ta kisa da yunwa da aikin tilas. Da sojojin Biyetnam suka kore su, kurmi suka shiga, Kulen ya zama ɗaya daga cikin maɓoyarsu har cikin shekarun 1990. Sun bar nakiyoyi a binne. An kwashe na wuraren da baƙi ke zuwa, amma har yanzu ba ko'ina ake takawa ba. Abin takaici, tsoron nakiya ne ya tsare wani ɓangare na dajin daga gatari.

An ayyana Kulen gandun daji na ƙasa a 1993, sai dai takarda ba ta ciyar da kowa. Dubban mutane ne ke zaune a kan dutsen, yawancinsu talakawa da yaƙi ya bar su hannu rabbana. Yazawa tana kawo kuɗi, kurmi ba ya kawowa. Don haka ake sarewa a ƙone a dasa yazawa, kuma gonar yazawa ba ta riƙe ruwa kamar kurmi. A Siem Reap kuma otal-otal na zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa don baƙi irinmu. Injiniyoyi sun daɗe suna gargaɗi cewa haikalan Angkor a kan jiƙaƙƙen yashi suke tsaye, idan ya bushe harsashinsu zai iya motsawa. Ba mu da bakin zargin manomin yazawa, mu da muka kwana a ɗaki mai famfo da wurin ninƙaya.

Waɗanda suka sassaƙa ƙasan rafi sun san daga ina abincinsu yake fitowa, har suka bar shaida a inda ruwan ya faro. Duk da haka dajin ya ƙare a hannunsu, ya ɗauki ƙarnuka kafin ya dawo. A ranar da muka sauko daga Kulen, bayan azahar da aka buɗe hanya, mun wuce ta wani fili da aka ƙone bai daɗe ba, kututture baƙi ƙirin, 'ya'yan yazawa a jere ba su kai gwiwa ba. A mazaunin gaba wata tsohuwa da muka rage wa hanya tana rungume da gorunanta biyu na ruwan magangara, tana kare su da hannu duk lokacin da motar ta faɗa rami.