Gallabat: Shugabancin Fatauci da Cinikin Kayan Lafiya a Iyakar Sudan da Habasha

Garin Gallabat, wanda yake cikin jihar Gadarif a gabashin Sudan, yana fuskantar garin Matamma na Habasha, babu abin da ya raba su sai wani ɗan rafi, kuma tun asali kasuwa ce da ta rayu a tsakanin masu iko biyu. Waɗanda suka raya shi tun ƙarni na 18 su ne Takarir, wato mutanen da suka fito daga yamma, musamman Darfur da abin da ke bayanta har Borno da ƙasar Hausa, a kan hanyar aikin hajji, waɗanda da yawansu suka yada zango suka kama noma da ciniki. Lokacin da Baturen Ingila Samuel Baker ya iso garin a 1862, ya tarar da kasuwa cike da auduga da gahawa da kakin zuma da fatu, ya kuma tarar da cinikin bayi, wanda shi ne babban tabon tarihin wurin. Shugaban Takarir na lokacin, Shehu Juma, yana biyan haraji ga Turkawan Masar da kuma Sarki Tewodros na Habasha, domin kasuwar ba za ta ci ba sai kowane ɓangare ya yarda a bar hanya a buɗe.

Wannan tsayuwa a tsakani ita ce ainihin shugabancin fatauci a Gallabat, kuma aiki ne mai haɗari, domin ranar da masu ikon suka ɓata, mai tsayuwar ne yake fara shan wuya. Shehu Salih Shanga, wanda ya riƙe garin a farkon zamanin tawayen Mahadi na Sudan, ya tsaya tare da gwamnatin Masar har aka kwashe sojojinta ta cikin Habasha a 1885, bayan haka garin ya koma sansanin yaƙi, inda a watan Maris na 1889 dakarun Mahadiyya ƙarƙashin Zaki Tamal suka kara da rundunar Sarki Yohannes na Huɗu na Habasha, sarkin ya rasu sanadiyyar raunin da ya samu. Yarjejeniyar iyaka ta 1902 tsakanin Ingila da Habasha ce ta sake ba ciniki damar daidaituwa.

Hausawan da suka ƙaru a gabashin Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda aka yi da Turawa a arewacin Najeriya, sun zo da nasu tsarin na hawa matakan sana'a, wanda aka gina shi a kan amana. Matashi yakan fara a matsayin yaron maigida, yana ɗaukar kaya yana koyon farashi da harsunan masu saye, sannan a ba shi ɗan jari ya juya, idan ya dawo da lissafi cikakke a ƙara masa, har ya zama dillali mai karɓar la'ada, wato ladan haɗa mai saye da mai sayarwa, ko fatoma mai saukar da fatake da ajiye dukiyarsu. A ayari kuwa, madugu ne shugaba, jagaba yana gaba don sanin hanya da mashaya, uban dawaki yana tattara kuɗin fito da ake biyan sarakunan hanya. Ba a naɗa madugu don yawan dukiyarsa kaɗai, sai an ga ya taɓa kai mutane ya dawo da su lafiya.

Kayan lafiya na farko da irin waɗannan matafiya suka sani su ne na cikin zabirar wanzami, wato jakar fatar da yake zuba aska da ƙahon jan jini da ƙarfen cire belu, kayan da maƙeri yake ƙera wasunsu, wanzami kuma yake koyon riƙonsu shekara da shekaru a hannun mahaifinsa ko maigidansa kafin a bar shi ya taɓa jikin mutum, a ƙarƙashin kulawar Sarkin Aska. Kayan asibiti na zamani sun shigo ta hannun gwamnati, ta rumbun magunguna na Khartum wanda a 2015 ya zama asusun samar da kayan lafiya na ƙasa, da kuma ta kamfanoni masu shigo da kaya daga waje, waɗanda wakilansu suke zagaya asibitoci. Abin da ya fi jawo buƙatarsu a yankin Gadarif shi ne kala-azar, cuta mai kawo dogon zazzaɓi da kumburin saifa da rama, wadda wani ƙanƙanin ƙuda mai zama a baƙar ƙasa mai tsagewa da gindin aduwa yake yaɗawa, kuma takan kashe mutum idan ba a yi magani ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyarta a Um el Kher a 1996, daga baya kuma aka samu ɗan tsinken gwaji mai suna rK39, wanda yake nuna alamar cutar daga ɗigon jini cikin mintoci kaɗan.

A nan ne wannan ciniki ya bambanta da na auduga, domin mai sayen auduga yana iya taɓawa ya auna da kansa, amma ma'aikacin lafiya na ƙauye ba shi da hanyar gane ko tsinken gwaji ya lalace, alhali ana son a ajiye shi ƙasa da zafin digiri 30 a yankin da bazara takan haura 40. Saboda haka wakilin da yake son ya hau zuwa matsayin shugaban yanki dole ne ya san yadda kayansa suke aiki, ya koya wa masu amfani da su, ya kuma iya ƙin sayar da abin da ya san rana ta dafa, ko da hakan zai rage masa la'ada.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa rumbuna da kamfanonin da suka taru a Khartum, ya mayar da shigo da kaya zuwa Port Sudan, ya kuma sa dubban mutane ƙetarawa ta Gallabat zuwa Matamma. A irin wannan yanayi da sa idon hukuma ya yi rauni, ingancin kayan da suke isa asibitocin iyaka ya dogara ƙwarai a kan gaskiyar waɗanda suke kawo su, kuma hukumomin lafiya na Gadarif suna da hakkin su bambance amintattun dillalai da masu cin kasuwar rikici.