Haƙoran Giya da Hanyoyin Kauru

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. Tun 1927 garin ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da reshen da ya hau Jos, kuma shekaru da dama dogo ne ke ɗaukar kaya masu nauyi a kudancin Kaduna. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda ya bi ta Rahama, an rufe shi a 1957, babban layin ma ya durƙushe a shekarun 1980. Daga nan masarar Kauru da ake kaiwa kasuwar Saminaka, da cittar Kaciya da Kwoi, duk suka koma kan taya. A ganina wannan sauyi ne ya ɗaga darajar bakaniken da ya iya zaɓar wa mota giyabos da aksil, kuma masu kiran aikinsa kame-kame ba su yi masa adalci ba.

A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna, 504 ta cika Arewa: ƙarama, da wagon, da akori-kura. Da yake gida ɗaya suka fito, kayan wannan kan shiga jikin waccan, shi ya sa yaran gareji suka tashi da sanin wane aksil ne ya fi jan lodi. Sai 1986 ta zo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin direban haya. Aka koma ga motocin Kwatano, waɗanda aka ƙera wa titunan Turai masu santsi da fasinja huɗu. Irin wannan mota aka ɗora wa buhunan masara aka ce ta hau hawan Kauru da damina. Dole wani ya daidaita ta da ƙasar, kuma a gareji da kasuwar Panteka ta Kaduna aka yi wannan aiki.

Lissafin yana cikin haƙora. Gwanin bakanike kan buɗe aksil, ya goge baƙin mai da tsumma, ya sa alli a haƙori ɗaya, ya juya yana ƙirgawa. Idan ƙaramar giya tana da haƙora 9, babbar tana da 35, furofela za ta juya kusan sau 3.9 kafin taya ta zagaya sau ɗaya: mota ce ta gudu a kwalta, mai sauƙin shan mai. Idan kuwa 8 ne da 39, juyin ya kai kusan 4.9, motar za ta tashi da lodi a tsakiyar hawa ba tare da an ƙona kuloci ba, amma a kan babban titi injin zai yi ta kuka yana zuƙar mai. Ba a samun duka biyun a lokaci guda. Wanda ya sa wa motarsa manyan tayoyi don kada cikinta ya riƙa dukan dutse ya rage mata ƙarfin ja ko bai sani ba, sai an rama a aksil. A motoci irin su Golf, masu ja da gaba, lissafin duka yana cikin giyabos ɗin kansa, shi ya sa giyabos na injin dizal, wanda aka yi wa injin mai juyi a hankali, kan mayar da motar fetur raguwa a hawa.

Wasu za su ce injiniyoyin kamfani sun fi bakanike ilimi, don haka a bar mota yadda ta zo. Iliminsu ba abin musu ba ne, sai dai sun yi lissafinsu ne a kan wata hanya da wani nauyi daban. Su kansu kamfanonin suna ba akori-kura aksil daban da na ƙaramar mota saboda wannan dalili. Suka mai nauyi ita ce ta haɗari, kuma da gaskiya a cikinta. Motar da aka ƙara wa ƙarfin ja tana ruɗar mai ita ya ninka lodi, alhali birki da sifirin suna nan yadda suke, ga gangara tana jira. Giya mai ƙarfi tana taimakawa wajen riƙe mota a gangare, amma ba ta maye gurbin birki. Bakaniken da ya canja aksil ya ƙyale birki rabin aiki ya yi, kuma hakkin rayukan fasinja yana wuyansa da na mai motar.

Yau sana'ar tana cikin matsi. Giyabos mai canja kansa, wanda kwamfuta ke sarrafawa, ba ya karɓar irin wannan haɗi da sauƙi, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowane kuskure a zaɓen giya yana fita ne daga aljihun direba kullum. Ilimin kuma yana kan tsofaffin gwanaye, ba a rubuce ba. Ya kamata ƙungiyar kanikawa ta NATA da makarantun koyon sana'a na jihar Kaduna su zauna da su tun suna raye, su rubuta abin da suka sani. Kai kuma mai mota, idan ka je neman wanda zai haɗa maka giyabos, saurari abin da zai fara tambaya. In bai tambaye ka hanyar da kake bi, da nauyin da kake ɗauka, da girman tayarka ba, kada ka ba shi makullinka.