Gine-ginen Kwalejin Katsina da Sunayen Gidajen Barewa

Duk mai nazarin tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa, ba makawa ya tsaya a unguwar Rafukka, kusa da Ƙofar Sauri a birnin Katsina. A nan ne Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Horon Malamai ran 5 ga watan Maris 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. An zaɓi Katsina saboda daɗaɗɗen sunanta wajen ilmi, kuma saboda jirgin ƙasa bai ratsa ta ba, watau Turawa na ganin ɗalibai za su tsira daga ruɗin manyan garuruwan ciniki.

Ginin kansa irin na gida ne. Magina Hausawa suka ɗora shi da tubalin ƙasa, suka rufe da azara, bango mai kauri wanda ke tsare sanyi a ɗaki ko da bazara ta tsananta. Irin wannan gini yana bukatar yaɓe kafin kowace damina, in an yi sakaci shekara biyu uku sai ya soma zaizayewa. Akwai kuma filin wasan fayis, wasan da Ahmadu Bello ya ƙware a kai tun yana ɗalibi, daga 1926 zuwa 1931. Sai dai abin da ake yi a cikin sorayen ya saɓa wa siffarsu: da Ingilishi ake karatu, kuma ana tsananta wa yara a kan lafazinsa. Amma duk da haka, da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, aƙalla uku daga cikin littattafai biyar da aka buga daga hannun mutanen makarantar suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsofaffin ɗalibai, sa'an nan Ganɗoki na Malam Bello Kagara, malami. Wannan batu ya cancanci masu tsara yaƙi da jahilci su dube shi da idon basira.

A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, a 1949 kuma Zariya, inda ta sami sunan Barewa a 1971. Haka takwararta ta ƙasashen rainon Faransa, makarantar William Ponty wadda ta yaye Bubu Hama da Diori Hamani, ta tashi daga tsibirin Gore zuwa Sebikotan a ƙarshen shekarun 1930. Tsohon ginin Katsina dai ya yi sa'a: an sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959, daga baya aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi.

Da yake bango ba ya ƙaura, abin da makarantar ta kwasa zuwa Zariya shi ne sunaye, ta laƙaba su ga gidajen kwanan ɗalibai. Ga gidan Lugard da na Clifford, ga na Mort da na Bienemann, shugabannin makarantar na farko-farko. Ga kuma na Bello Kagara, na Nagwamatse, na Sarkin Zazzau Ja'afaru da na Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Biyu daga ciki sun fi jan hankalin mai nazarin harshe, domin Turawa ne amma da laƙabin da Hausawa suka ba su aka kira gidajen. Ɗan Hausa shi ne Hanns Vischer, wanda ya kafa makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Malam Smith kuwa shi ne Urling Smith, shugaban ma'aikatar ilmi ta Arewa. Ba a ce Malam Lugard ba, ba a ce Malam Clifford ba. Gwamnonin sun tsaya da sunan yankansu, laƙabi kuwa ya faɗa kan waɗanda suka yi hulɗa da ƴan makaranta.