Barci da Famfon Insulin a Yanayin Zafi: Nazari kan Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Tsakure

Maƙalar ta auna sharuɗɗan kwana da famfon insulin da yanayin rayuwa a gundumomi uku na jihar Maraɗi. An dogara ne kan binciken da aka riga aka wallafa, da ƙa'idojin masu ƙera na'urar, da yanayin ƙasa da tsarin wutar lantarki na yankin. Matsayar maƙalar ita ce, a wannan yanki zafi da gumi da nisan asibiti sun fi wurin ajiye na'urar tasiri kan amincin mai barci.

Gabatarwa

A shekarar 1978 ne John Pickup da Harry Keen da abokan aikinsu na asibitin Guy da ke Landan suka wallafa sakamakon zuba insulin a ƙarƙashin fata ba yankewa. Famfon da ake amfani da shi yau bai kai ƙaramar wayar hannu girma ba. Yana tura insulin mai saurin aiki ta wani siririn bututu da ake manne wa fatar ciki ko cinya, a sauya shi duk bayan kwana 2 zuwa 3. Akwai irinsu Omnipod da ba su da dogon bututu, a jiki ake liƙa su gaba ɗaya.

Shawarwarin kwana da na'urar an rubuta su ne don mai gado da katifa, mai rigar barci da aljihu, mai ɗakin da iska ke sanyaya shi. Manomin Cadawa ko na Tibirin Gobir ba haka yake kwana ba. Na'urar ba ta zama ruwan dare a yankin ba, allura ce ke riƙe da masu buƙatar insulin, amma 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke zuwa jinya waje suna iya dawowa da ita, kuma ma'aikacin lafiyar gunduma ne za su fara tunkara in dare ya ɓaci.

Dare da sukarin jini

Babban binciken DCCT, wanda sakamakonsa ya fito a 1993, ya nuna cewa fiye da rabin mummunar faɗuwar sukari tana aukuwa ne cikin barci. Mai barci ba ya jin makyarkyata da bugun zuciyar da ke gargaɗin mai ido biyu idan sukari ya sauka ƙasa da giram 0.70 a lita, ma'aunin da asibitocin Nijar suka saba da shi. Insulin NPH da aka yi wa mutum da magariba yana kai ƙololuwar ƙarfinsa a tsakar dare. Wanda ya wuni yana noman gero da damina haɗarinsa ya fi yawa, domin tsoka tana ci gaba da zuƙar sukari sa'o'i da dama bayan an ajiye hauya.

Nan ne famfo ya yi fice. Binciken ASPIRE na 2013 ya nuna cewa famfon da ke tsayar da kansa idan ma'aunin sukari da ke jiki ya gano faɗuwar sukari ya rage aukuwar hakan da dare da kusan kashi ɗaya bisa uku. Sai dai alherin yana tafe da sharaɗi mai nauyi. Mai famfo ba shi da insulin mai dogon aiki a jikinsa. Da zarar bututu ya lanƙwashe ko ya fita, cikin 'yan sa'o'i sinadarin keton zai fara taruwa a jini, amai da ƙishirwa da numfashi sama-sama su biyo baya.

Zafi, gumi da shimfiɗa

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a jihar Maraɗi kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma yana riƙe zafin har bayan isha'i. Shi ya sa da bazara ake fitar da tabarma tsakar gida. Gumi shi ne abokin gabar mannen bututu: gefen filasta yana ɗagowa, ƙura ta shiga, mutum ya juya cikin barci, bututun ya zame ba tare da ya farka ba. A kan tabarma ko gadon kara, duk wanda aka manna wa bututu a ƙugun da yake kwanciya a kai zai danne shi har asuba. Gaban ciki ya fi dacewa, nesa da inda mazagin wando ko ɗaurin zane ke bi. A wanke wurin da sabulu, a bari ya bushe sarai, kuma a yi sauyin da safe, don a samu wuni guda ana lura da sukari kafin a kwanta.

Ajiye famfo sake a kan shimfiɗa, kamar yadda wasu ke yi a kan katifa, bai dace da inda uwa ke kwana da yara biyu ko uku cikin gidan sauro guda ba. Ƙaramar jakar auduga da tela zai ɗinka, a ɗaura ta a wajen riga, bututun ya bi ta ciki, ta wadatar. Wajen riga, domin masu haɗa insulin mai saurin aiki sun ce a zubar da wanda ke cikin famfo idan ya sha zafin da ya wuce digiri 37, kuma na'urar da ta kwana tsakanin fata da shimfiɗa mai zafi tana dab da wannan iyaka.

A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun wallafa cewa insulin ya riƙe ƙarfinsa mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin Dagahaley a Kenya. Labari ne mai daɗi ga mai kwalba da allura, musamman in yana da randa ko tukunya cikin tukunya irin wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa. Amma kuskure ne a shimfiɗa wannan sakamako kan famfo, wanda ke manne da jiki dare da rana.

Wuta da nisa

Gazawa ce mararrabar layin wuta mai kilobolt 132 da ke fitowa daga Katsina ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar a Agustan 2023, an ga iyakar dogaro da kamfanin wuta na NIGELEC. Famfo mai aiki da batir ɗin AA ya fi mai caji dacewa da ƙauye. Manyan garuruwan uku suna kan hanyar RN1, amma mazaunin ƙauyen da ke bayan kwalta, da damina, amalanke ko kabu-kabu ne zai fito da shi. Don haka kada mai famfo ya kwanta sai da allura da kwalbar insulin a kusa da shi, ya kuma san adadin da likitansa ya rubuta masa idan na'urar ta tsaya.

Abokin kwana

Kwanan taro yana da amfanin da ba a cika lissafawa ba. Ƙarar gargaɗin na'ura ba kullum take tada mai ita ba, amma takan tada na kusa da shi. Gumi mai sanyi, sambatu ko fizge-fizge cikin barci ana iya ɗaukarsu a matsayin bugun iska, a tsaya tofi alhali sukari ne ya faɗi. Horon da ake bai wa majinyaci ya kamata ya haɗa da mata ko miji ko uwa: in yana iya haɗiya, a ba shi sukari ƙwaya 3, kimanin giram 15, a sake aunawa bayan minti 15, in ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a cire bututun famfon, a nufi asibiti mafi kusa.