Matar da ta ce wa Tandja a'a

Jiya bayan isha'i musu ya kaure a majalisarmu ta Unguwar Sarki kan alƙalai. Wani ƙanenmu ya rantse cewa duk Afirka babu alƙalin da zai dubi shugaban ƙasa mai ci ya ce masa bai isa ba. Na ce akwai, mace ce ma, kuma nan maƙwabta, a Nijar. Da na faɗi sunanta duk wurin babu wanda ya san ta sai mai shayinmu, mutumin Maraɗi. Abin ya dame ni, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ku yi haƙuri, da ɗan tsawo.

Sunanta Salifou Fatimata Bazèye. Alƙaliya ce da ta yi karatun aikin a Faransa, ta taka matakan kotu ɗaya bayan ɗaya, har a 2007 ta zama shugabar Kotun Tsarin Mulki ta Nijar. Mu nan ba mu da irin wannan kotu, rigimar tsarin mulki kotunan da muka sani ke bi har Kotun Ƙoli. Su kuwa a lokacin tasu daban take, mai mutum bakwai, kuma tsarin mulkinsu na 1999 ya ware kujera guda a cikinta ga wakilin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Wannan ya burge ni. A wajenmu ɗan gwagwarmaya a bakin ƙofa yake ƙarewa. Marigayi Gani Fawehinmi ya ƙare rayuwarsa yana kai ƙara ana tsare shi, bai taɓa zama a kujerar alƙali ba. Afirka ta Kudu ce ta ɗauki irin su Albie Sachs, lauyan da bom ya cire wa hannu a Maputo a 1988, Mandela ya naɗa shi alƙalin kotun tsarin mulki a 1994. Ita Fatimata ba daga titi ta fito ba. A kan kujerar gwagwarmayar ta same ta.

Ga yadda aka yi. An zaɓi Tandja Mamadou a 1999, aka sake zaɓensa a 2004, wa'adinsa na ƙarshe zai cika ranar 22 ga Disamba 2009. Tsarin mulki ya ce sau biyu ne kawai, ya kuma kulle wannan saɗarar, ya ce ba a taɓa ta ko da gyara. Sai 'yan kanzagi suka taso da kalmar da mu muka sani tun zamanin Abacha: tazarce. Wai a bar Baba ya ƙarasa ayyukan da ya ɗauko, matatar mai ta Damagaram, madatsar ruwa ta Kandaji, gada ta biyu a Yamai. Kuma a faɗi gaskiya, talakan karkara na son Tandja. Ba mutumin banza ba ne, shi ya sa ma lamarin ya yi wuya.

Da ya ga ƙofar gyara a rufe, sai ya nemi ya bi ta taga: a yi zaɓen raba-gardama kan sabon tsarin mulki ɗungurungum, wanda zai ƙara masa shekara uku. Ranar 25 ga Mayu 2009 kotun ta ba da ra'ayinta, ta ce hakan ya saɓa wa doka, ya kuma saɓa wa rantsuwar da ya yi. Da Alƙur'ani fa ya rantse. Washegari ya rusa majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta sake zama, wannan karon hukunci ta yanke, ta soke dokar kiran zaɓen. Ya ɗauki ikon dokar ta-ɓaci, ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun kanta, alhali doka ta ce ba a tsige alƙalanta. Ya naɗa wasu, aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, aka ce sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince.

A nan ƙanen namu ya tare ni: "To Yaya, ai ba ta hana shi ba." Haka ne, ba ta hana shi ba. Alƙali ba shi da bindiga, biro gare shi. Amma ku duba abin da biron ya yi. Daga ranar 12 ga Yuni duk wanda ya fito titi a Yamai, ɗan ƙwadago ne ko ɗan adawa, yana da takarda a hannu da ke cewa shi ne a kan doka, shugaban ƙasa ne ya kauce. ECOWAS ta dakatar da Nijar a watan Oktoba, ta tura Janar Abdulsalami Abubakar sasantawa. Da kotun ta sa wa Tandja hannu tun farko, da wace hujja za a riƙe?

Ni a 2009 ban daɗe da kama aiki ba, a rediyo nake bin labarin kafin in fita neman motar ofis. Ba zan manta ba, a tsakanin nan wani oga ya miƙo mini takarda ya ce in sa hannu da kwanan watan baya. Ƙaramin abu ne, ba kujerar shugaban ƙasa ba. Na san ba daidai ba ne, na tuna ban samu tabbacin aiki ba tukuna, na sa. Shi ya sa idan ana zagin alƙalai a majalisa nakan rage murya.

Akwai inda labarin ke min nauyi, ba zan ɓoye ba. Ba hukuncin kotu ne ya sauke Tandja ba, sojoji ne, ranar 18 ga Fabrairu 2010, ƙarƙashin Salou Djibo. Su ne kuma suka dawo da Fatimata ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya. Wato wadda ta ƙi a taka doka ta karɓi aiki daga hannun waɗanda suka jingine dokar baki ɗaya. Na daɗe ina juya wannan. Inda na tsaya shi ne, aikin da ta karɓa na fitar da sojan ne, kuma ya fita: majalisarta ce ta tabbatar da zaɓen 2011, Mahamadou Issoufou ya sha rantsuwa ranar 7 ga Afrilu. Amma wanda ya ce ɗabi'ar jiran soja ya zo ya raba gardama ta ƙara samun gindin zama daga nan, ba zan ce ya yi ƙarya ba. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an sake jingine tsarin mulkin Nijar, kotun ta tafi tare da shi.

Jaridar Daily Trust, wadda kamfaninta ya faro a nan Kaduna, ta zaɓe ta gwarzuwar Afirka ta shekarar 2011. Tandja ya rasu a Nuwamban 2020, Allah ya jiƙansa. Mai shayinmu, wanda ya ce shi ma "i" ya kaɗa wa tazarce a lokacin, ya ƙi karɓar kuɗin shayina jiya, wai don na tuna da 'yar ƙasarsu.